Ranar da Aka Ƙwace wa Babana Tayarod

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar gida na ji ana dukan ƙarfe a bayan katangar maƙwabcina. Ban ga mai dukan ba, amma na san abin da yake yi, na kuma san ba daidai yake yi ba. Guduma ɗaya yake bugawa, ƙarar tana tashi tana watsewa kamar an yar da faranti. Wanda ya san aiki guduma biyu yake sa wa tayarod, ɗaya ta tokare ta baya, ɗaya ta buga ta gaba, sai ka ji ƙarar ta dunƙule wuri ɗaya. Na yi niyyar in tashi in gaya masa, sai na fasa. Yaran yanzu in ka gaya musu abu sai sun duba waya sun ga ko gaskiya ka faɗa. Na ci gaba da zama ina saurare, har ƙarar nan ta mayar da ni bayan gidanmu na da, nan Illela, wajen hanyar Kwanni, ina ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku.

Ni ba mai karatu ba ne, a aji shida na tsaya, saboda haka yadda abin ya faru haka zan faɗa maka. In ba ka san mota ba, tayarod wani ƙarfe ne da bai fi kamu ɗaya ba, shi ke haɗa sitiyari da ƙafar mota. Kansa ɗaya zare ne, murɗa shi ake yi ya shiga cikin wani bututu. Ɗaya kan kuma yana da ƙusa mai kauri da ke nutsewa cikin ƙarfen ƙafa, a ɗaure ta da noti. In ya fara saki, ka juya dama sai mota ta yi shawara tukuna. In ya tsinke kana gudu, to sai dai a yi maka addu'a.

Babana direba ne. Yana da akori-kura fara, tsohuwa, wadda ko daga nesa ka ji kukanta ka san ita ce. Kanwa da gishiri yake ɗaukowa daga Kwanni ya shiga da su ƙauyukan wajen Lafani, ya fito da wake da albasa da awaki, mutane kuma a saman kaya. A wancan lokaci direba ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ake ba saƙo, shi ake tambaya labarin gari, in mace ta kasa haihuwa a ƙauye shi ake jira. Babana ba shi da yawan magana. Abin da aka san shi da shi hannu ne. In ya gaisa da kai sai ka ji ƙasusuwan yatsunka sun haɗu, kuma shi kaɗai yake ɗaga buhun kanwa ya jefa a mota ba tare da ya ce a kama masa ba. Ranar Asabar da Lahadi nakan bi shi, in zauna a gaba, in ji kamar garin duk namu ne.

Cikin tsakiyar damina ta wannan shekara, wata safiya yana shan kunu, ludayi ya faɗi daga hannunsa. Ya sa hannu ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Mahaifiyata ta kore mu waje. Kwana bakwai bai fito ba, duk wanda ya yi sallama a ce masa masassara ce. Kakata, wato mahaifiyarsa, ita ke shiga ɗakin da man shanu da wasu saiwoyi, ta saki labule. Ba wanda ya faɗi sunan ciwon, har ya mutu ban ji an faɗe shi a gidanmu ba.

Da ya fito sai ya canza gaisuwa. Yakan tallabo hannun dama da na hagu ya miƙa, kamar yadda ake yi wa manya. Mutane suka ce ciwo ya sa direba ya yi laushi, har yara yake ba hannu biyu. Ni da ke cin tuwo kwano ɗaya da shi na san ba ladabi ba ne. Lomarsa ta ƙanƙance, kuma rabinta a kwano take komawa.

Ya koma hanya. Wata Asabar muna dawowa daga Lafani, mota cike, muka iso wani wuri da rairayi ya kwanta a gefen fadama, inda dole sai an sauko da giya. Na ga ya kai hannun dama ya tura, giya ta ƙi shiga. Sai ya saki sitiyari, ya tsallako da hannun hagu ya tura ta. Cikin wannan ɗan lokaci mota ta kwashe ta nufi ruwa. Matan da ke sama suka ɗauki salati, wani akuya ya faɗo. Allah ya sa ya kamo ta a bakin gaɓa. Ya fito, ya zagaya, ya kama ƙafar gaba ya girgiza, ta yi ƙwas-ƙwas.

"Tayarod na," ya ce wa mutane. "Ya saki."

Kowa ya yarda, don kowa ya ji ƙarar. Ba ƙarya ya yi ba, ya saki ɗin. Amma da ya dawo ya zauna ya dube ni, ni kuma na dubi ƙafafuna.

Ya aika aka sayo masa sabo daga Kwanni, an naɗe shi a takarda mai maiƙo. Garejin da ya saba kai mota yana nan bayan tasha, amma bai kai ta can ba. A gareji akwai idanu, kuma duk direban da ya kai mota sai ya kama aiki da hannunsa, haka al'adar take. Ya sa aka ɗage zanan bayan gida, ya shigo da ita inda kakana yake ɗaure jakai a da, ƙarƙashin wani dogonyaro. Ya ɗaga ta da jak, ya tokare ta da tsohon turmin mahaifiyata, tana mita yana yi kamar bai ji ba. Ranar Litinin ce. Ya ce kafin Lahadi, ranar kasuwa, mota za ta hau hanya, don akwai masu wake da suka riga suka yi magana da shi.

Ka san abin da kanwa da gishiri ke yi wa ƙarfe? Damina guda ruwa yana dukan buhuna yana tsiyaya ƙarƙashin mota, ga laka ta fadama ta zo ta liƙe a kai. Da muka kankare lakar, tsatsa ta kumbura ta yi ɓawo kamar na itace. Ba ka gane inda noti ya ƙare, inda ƙarfe ya fara. Ranar farko a kan ɗan siririn fil ɗin da ke riƙe noti muka wuni, yana taɓa shi ya marmashe, sai da wata 'yar ƙusar katako muka huda ragowar. Ya jiƙa tsumma da kananzir ya naɗe wurin ya kwana. Washegari ya zuba man birki. Ya sa sifana, ya zura mata bututun ruwa don ta yi tsawo, shi yana ja da hagu ni ina rataye da dukan nauyina, har notin ya yi ƙara ya juya. Ranar ya yi murmushi. Ya yanko karan dawa ya auna tsawon tsohon ƙarfen ya datse daidai, ya ce da wannan kara za a saita sabon, in ba haka ba mota za ta riƙa cin taya ta gefe ɗaya. Ya soke karan a jikin zana ya ce kada wanda ya taɓa.

Daga nan aiki ya tsaya cik. Noti ya fita, amma ƙusar ta ƙi fitowa daga ƙarfen ƙafa, zaren ɗaya kan kuma ya zama abu ɗaya da bututunsa. Ya yi duka da hagu, guduma tana zamewa, ta bugi nan ta bugi can. Rana ta ƙarshen damina tana da wani irin zafi mai ɗanɗano, gumi yana zuba daga gemunsa yana ɗiga cikin rairayi. In zai gwada da hannun dama sai ya aike ni ɗebo ruwa, ko ruwan na nan a gabansa. Ni kuma sai in laɓe a bayan zana. Na ga yadda yake ɗaga gudumar, tana isa sama sai ta karkace a hannunsa ta sauko a kwance. Ya yi haka sau uku, sau huɗu, sannan ya zauna a ƙasa ya riƙe hannun yana kallonsa kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

Ranar Alhamis kakata ta jawo 'yar kujerarta ta zauna a inuwa. 'Yar maƙera ce daga Amarawa, aure ya kawo ta gidan 'yan kasuwa. Ta daɗe tana kallo tana taunar goro da haƙoran da suka rage mata.

"Ƙarhen ga wuta shika so," ta ce.

"Inna, mota da mai ciki ba a kai mata wuta."

"Ban ce kai ka kai ba."

Ya gane inda ta dosa, ya ce mata kada ta kira kowa. Ta ce to. Da la'asar na ga tana magana da wata mai nono da ke bin hanyar Amarawa.

Wanda ta aika wa ɗan wanta ne, maƙeri, taubashin babana. Mu Baba na Amarawa muke ce masa. Gajere ne, baƙi, mai faffaɗan ƙirji, duk damatsansa tabon tartsatsi. Shi da babana tun suna yara ba su taɓa gaisawa da daɗin baki ba. Kowanne yana cewa ɗayan bawansa ne, har suka mutu ba su daidaita ba. In sun haɗu a biki wannan ya cire wa wancan hula, wancan ya ɓoye wa wannan takalmi, kuma ba mai shiga tsakani, don ko alƙali ba ya sauraron ƙarar taubasai. Babana da ko hakimi ba ya yi wa dariya, in ya ga mutumin nan sai ya zama yaro.

Asabar da sassafe ya iso a kan keke, ya ɗauro zugazugi da ƙullin gawayi da awartaki da masaba biyu, wato gudumar maƙera. Ya fara durƙusawa ya gaida kakata, sannan ya miƙe ya ɗaga murya.

"Ina bawan ga nawa da ƙarhe yak kayar?"

Babana ya fito daga ƙarƙashin mota. "Wa yak kira ka? Mota aka gyara nan, ba lauje ba."

"Gwaggo tak kira ni. Tac ce ɗanta ya yi kwana biyar shina ma ƙarhe tausa."

"Ka koma ka ƙera ma mata wuƙar yankan kuɓewa."

"Sai na gama da kai. Matsa, kana tare min haske da ƙaton kan ga naka."

Na ga aikin makanikai iri-iri a rayuwata, amma ban sake ganin wanda ya bi ƙarfe a hankali kamar mutumin nan ba. Bai fara da duka ba. Ya sa na kwaɓo laka, ya shafe duk wata roba da tiyon birki da ke kusa, ya jiƙa buhuna biyu ya rataya tsakanin wurin da inji. Ya hura gawayi a cikin wani fasasshen kasko, ya ɗora shi a kan duwatsu har garwashin ya kusa taɓa bututun, ya ba ni zugazugi ya ce in yi ta yi kada in tsaya sai ya ce. Warin tsohon kananzir da ƙonannen maiƙo ya cika gidan, mahaifiyata ta kwashe shanyarta. Da ƙarfen ya fara canza launi ya tofa masa yawu ya saurara, ya ce saura. Da ya kai, ya janye kaskon ya kwara masa ruwan randa, tururi ya tashi, ɓawon tsatsa ya riƙa zubowa. Ya maimaita. A karo na uku bai zuba ruwa ba, ya ciro guntun kitse daga aljihu ya goga a bakin zaren, kitsen ya narke ya shige ciki kamar ana zuƙarsa. Ya kama da awartaki, ya fara ƙara ɗaure shi kaɗan, sannan ya dawo da shi baya. Ƙarfen ya yi wani kuka siriri, ya motsa.

"Ka gani?" ya ce wa babana. "Kwana biyar. Da ka yi min magana da ladabi tun Litinin."

Babana ya yi tsaki, amma fuskarsa ta saki.

Saura ƙusar. Nan ne aikin guduma biyu. Baba na Amarawa ya miƙa wa babana babbar masaba ya ce ya tokare ƙarfen ƙafa ta baya, shi zai buga ta gaba. Wurin matsattse ne, yadda babana ya tsuguna hannun dama ne kaɗai zai shiga. Na ga ya ɗan tsaya, sannan ya zura hannun.

Bugun farko masaba ta fita daga hannunsa ta faɗi cikin rairayi.

"Maiƙo na ga hannuna," ya ce. Ya goge a riga, ya sake kamawa.

Bugu na biyu ta sake faɗuwa, saura kaɗan ta sauka a ƙafar mai bugun.

Na tsaya ina jiran zagi. Mutumin da tun safe bai bar babana ya yi numfashi ba, ga dama ta faɗo masa har biyu. Ya dubi hannun, yatsun sun lanƙwashe suna rawa su kaɗai. Ya dubi kakata, ta kawar da kai. Shirun nan ya fi kowane zagi nauyi, kuma na ga babana ma ya ji shi, don wuyansa ya sunkuya.

"Yaro," Baba na Amarawa ya ce mini, "zo ka kama ma babanka. Ƙotar ga santsi gare ta."

Na shiga na ɗora hannuwana biyu a kan na babana. Rana tana dukan bayana, amma hannunsa sanyi ƙalau. Aka buga, na ji har haƙorana. Aka sake bugawa, ƙarar ta dunƙule, ƙusar ta faɗo da kanta kamar ba ita ce ta hana mu barci kwana biyar ba.

Babana ya miƙe da sauri ya ɗauko sabon ƙarfen ya warware takardar. Ya ce in kawo karan dawa. Baba na Amarawa ya miƙo hannu ya ce mu gani. Ya juya shi, ya gwada shi da karan, ya gyaɗa kai. Sai ya naɗe shi a takardarsa, ya haɗa da tsohon, ya nufi kekensa ya fara ɗaurewa a bayan sirdi.

"Mi kaka yi?"

"Ka tuna agogona da kac cire min ranar suna, gaban surukaina? Yau na rama."

"Gobe Lahadi."

"Na sani. Ni ma kasuwa za ni."

Babana ya matsa kusa da shi, ya yi ƙasa da murya, amma na ji. "Kada ka yi min haka."

Baba na Amarawa ya dube shi ido cikin ido, babu alamar dariya a fuskarsa. "Na yi," ya ce.

Ya tura kekensa ya fita ta gaban gida, ba ta baya inda ya shigo ba. A ƙofar gidanmu akwai dattawa da ke zama a gindin bishiya. Yana isa wurinsu sai ga dariyarsa ta dawo, ya kwance ƙunshin ya ɗaga sama yana nuna musu.

"Ku hwaɗa ma direbanku in shina son ƙarhenai shi zo Amarawa da rarrahe, shi ce ni na ubangidanai."

Dattawa suka kwashe da dariya har da tafawa. Kakata ta ɗauki kujerarta ta shige ɗaki.

Kafin azahar ta Lahadi duk kasuwar Illela ta ji, har masu canjin sefa suna ba juna labari. Babana ya sa farar riga ya tafi tasha, ya tsaya yana zagin maƙera kaf, ana dariya. Masu wake suka nemi wata mota, ba wanda ya ga laifinsa. Da ya dawo na ce masa ai Kwanni ba nisa, a sayo wani. Ya ce ba zai sayi abu sau biyu saboda ɓarawo ba, kuma in rufe masa baki.

Mako ya wuce, wani ya bi. Aka yi girbi, lokacin da direba ke samun na shekara, motarmu tana kan turmi kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Ba zan yi maka ado ba, gidan ya ji jiki. Nama ya ɓace daga miya. Mahaifiyata ta fara suyar ƙosai, ƙannena suna kaiwa bakin iyaka. Na tsani Baba na Amarawa tsana irin ta yaro, wadda ba ta da sauƙi. A ganina wasa ne ya yi yawa, kuma babana girman kai ne ya hana shi zuwa ya karɓa. Abin da na gani a fadama da abin da na gani ta bayan zana duk na ture su gefe. Ina son in koma gaban mota, shi ke nan.

Wata safiya maimakon makaranta na ari keken abokina na kama hanyar Amarawa. Na same shi a maƙera yana wa wani manomi bakin fartanya. Na gaishe shi a tsaye. Ya gama aikinsa, ya sallami mutumin, sannan ya dube ni.

"Shi yat turo ka?"

Na ce a'a.

Ya nuna mini rufin rumfar da haɓa. Ƙunshin yana soke a can, an sake naɗe shi da tsumma. "Ɗauka," ya ce. "Amma ka ba shi daga kai sai shi. In da mutane wurin, ka ɓoye har su tashi. Ka ji ni?"

Na yi mamakin sauƙin abin. Na cusa shi cikin riga na taka keke, ina jin kamar na ci yaƙi.

Na sami babana a zaure bayan azahar, shi kaɗai, yana jan carbi da hannun hagu. Na durƙusa na ajiye ƙunshin a gabansa. Ya warware. An shafe ƙarfen da kitse tun daga kai har zare, ko ɗigon tsatsa babu, ga karan dawa ma an haɗo da shi. Ya daɗe yana kallo. Ya sa hannun dama ya ɗauka, ya ɗago shi kamar taƙi ɗaya daga tabarma, hannun ya fara rawa. Wannan karon bai aike ni ɗebo ruwa ba. Ya bar ni na gani har ƙarfen ya sulale ya koma kan tsumma.

"Wa yag gan ka da shi?"

Na ce ba kowa.

Ya naɗe shi da hagu, a hankali, ya turo mini.

"Mai da mai. Wasanmu na, ba naka ba." Na miƙe, na kai bakin ƙofa, ya ƙara da cewa, "Ka ce mai nac ce ɓarawo na."

Na koma Amarawa a ranar, cikin zafin rana, ina taka keke ina kuka, ban ma san wa nake jin haushi ba. Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Baba na Amarawa ya soke ƙunshin a inda yake, ya ce in gaya wa babana shi ma bawa ne ɗan bawa. Ya sa matarsa ta dama mini fura.

Babana bai sake tuƙi ba. Ya koma tasha yana tsara lodi, yana raba rigimar direbobi, don ba wanda ya san hanyoyin nan kamarsa. Ni kuma da shekara ta ƙare na bar makaranta na bi wani direba a matsayin yaron mota, don gidan ba zai iya jira ba. Da bazara ta zagayo aka sayar da motar ga wani mutumin Kwanni, ranar da zai ɗauke ta sai ga ƙunshin an aiko daga Amarawa. Sai da na girma na fara zama cikin direbobi na gane cewa duk tasha sun sani tun makon farko. Mutanen da ke gane ciwon inji daga kukansa ba za su kasa gane hannu ba. Amma shekara shida da ya yi bayan nan, kullum ya iso tasha gaisuwar ɗaya ce: "Direba, ɓarawon nan bai kawo ba?" Shi kuma ya ce, "Bai kawo ba, Allah shi isa." Har bayan an sayar da motar haka suke yi. Ranar jana'izarsa Baba na Amarawa ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Yanzu na girmi babana a shekarun da abin ya same shi. Na yi tuƙi daga nan har kurmi, na yi na Kwanni da Tawa har na gaji. Bara idona ya fara yi mini hazo, in rana ta yi sanyi ba na raba mai babur da inuwar bishiya. Na yi shiru, kamar yadda kowa ke yi. Babban ɗana ya gane. Yaron kirki ne, ya yi karatun da ban yi ba, kuma ba ya ɓoye gaskiya. Ya same ni a tasha, gaban yaran da ni na koya wa riƙon sitiyari, ya ce, "Baba, ba ka gani, za ka kashe mutane, kawo makullin." Ya nuna musu takardar asibitin da ya kai ni aka duba idon. Ban yi gardama ba, don gaskiya ya faɗa, na ciro na ba shi.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, yana sayar da waya a birni. Da Salla yakan kira ni ya ce ranka ya daɗe, ni ma in ce masa ranka ya daɗe. Bai taɓa zagina ba ko sau ɗaya, 'ya'yanmu kuwa ba su san juna ba.

Nakan leƙa tasha jefi-jefi. Suna girmama ni, ba zan yi musu ƙarya ba. Ina isa wani zai tashi ya ba ni benci, wani ya kama mini hannu kada in yi tuntuɓe, sannan su bi layi ɗaya bayan ɗaya suna cewa, "Sannu Baba, ya jiki?" Shi ya sa na rage zuwa.